Turke ɗaya, biyu, ko a bar shi da iska? Abin da ya dace da dashenka a Zariya

A bayan gidana akwai wani mangwaro da har gobe in na bi ta gefensa sai na ji kunyar kaina. Shekara biyar ke nan da na sayo shi wurin masu dashe na bakin titin Samaru, mai aure ne, dogo siriri kamar tsinken tsire, tsawonsa ya kai ƙirjina. Ranar da na dasa shi na samo guntun rodi da ya rage daga ginin katanga na kafa manne da jikinsa, na ɗauko wayar da magina ke ɗaure rodi da ita na naɗe su wuri uku, tamau. A ganina gata na yi masa. Damina biyu ban waiwayi wayar nan ba. Da na tashi kwancewa na tarar ta nutse cikin ɓawo, saman wurin ya kumbura kamar maƙoƙo, ƙasansa kuwa ya tsuke. Na ciro abin da zai ciru da filaya. Ba a yi wata guda ba hadarin farkon damina ya taso daga gabas, da safe na iske kan bishiyar a ƙasa, ta karye daidai inda wayar ƙasa take, ɗan ƙasa kaɗan da wurin auren. Ta sake toho, amma daga gindin uwar, wato abin da nake ba ruwa yanzu mangwaron gargajiya ne mai zare, wanda na biya kuɗinsa kuwa awaki ne suka ci ganyensa.

Duk Yuni, da ruwa ya zauna aka fara dashe, za ka ji ana tambayar wane turke ya fi, na gora, na itace ko na ƙarfe. Akwai tambayar da ta riga wannan: shin dashen yana bukatar turken ma tukuna? Yawancin abin da muke dasawa a Zariya ba ya bukata. Wanda yake bukata kuma, aikin turken shi ne ya riƙe saiwa wuri ɗaya har ta kama sabuwar ƙasa, ya bar saman yana wasa da iska.

Dalili kuwa, itace da kaɗawar iska yake yin ƙwari. Duk lokacin da iska ta ranƙwafar da shi ya dawo, yana ƙara nama a gindi, yana rage gaggawar tsawo, saiwoyinsa kuma suna ƙara kauri. Shi ya sa bishiyar da ta tashi ita kaɗai a fili za ka ga gindinta da faɗi tana sirancewa a hankali zuwa sama, wadda ta tashi a cunkushe cikin 'yan'uwanta kuwa kaurinta kusan ɗaya daga ƙasa har sama kamar rake. Masana gandun daji sun daɗe da gwada wannan. Tun 1954 wani masani a Ostareliya, M. R. Jacobs, ya fitar da sakamakon gwajinsa: ya ɗaɗɗaure wasu itatuwa da wayoyi yadda ba za su motsa ba, ya bar wasu iska na kaɗa su, waɗanda aka bari suka fi kaurin gindi. Mu nan ba sai mun je Ostareliya ba. Garin da unguwanninsa suka ci sunan rimi, su Rimin Tsiwa da Rimin Doko da Rimin Danza, ya san yadda gindin rimi yake, da waɗannan fuka-fukan da ke fitowa ta kowane gefe kamar an gina masa katanga. Turken da ya kafa wa kansa ke nan. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne, sai dai abin da ka saba masa da shi zai riƙe. In ka saba masa da jingina, da jingina zai girma.

Kafin mutum ya zaɓa, ya kamata ya san da wace iska yake faɗa. Mai kayar da dashe a nan ita ce ta gaban hadari, a Afrilu da Mayu, sannan ta sake dawowa wajen Satumba da Oktoba in damina za ta yi sallama. Daga gabas take zuwa, ba ta daɗewa, amma ita ce mai yaye kwanon rufi. A tsakiyar damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take busowa, ba ta da wani ƙarfi, sai dai lokacin ne marka ke jiƙa ƙasa ta yi laushi kamar kunu. Zariya na samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Dashen da kansa ya yi nauyi a wannan wata, ko ƙaramar iska tana girgiza dunƙulen saiwarsa, ƙananan jijiyoyin da suka fara fita su tsintsinke, kuma za ka ga wani ɗan rami kamar mazurari ya buɗe a kewayen gindin, ruwa na kwanciya a ciki. Iskar hunturu ta arewa maso gabas ba ta cika kayar da komai ba, amma yini take tana goga jikin itace da duk abin da ka ɗaura masa.

Zaɓi na farko, kuma wanda na fi ba mutane shawara a kai, shi ne a dasa a bar shi. Dashen da bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, mai ɗan kauri, wanda ledarsa ta yi daidai da girmansa, ba ruwansa da turke. Dogonyaro, maɗaci, yazawa, gwaiba, tsamiya, ɗorawa, mangwaron ƙwallo, duk a wannan tsawon suna tsayawa da ƙafarsu. Gwajin ba wuya: bayan ka dasa, ka danne ƙasa, ka ba shi ruwa ya tsotse, kama tsakiyar jikinsa ka ɗan tura gaba da baya, idonka a ƙasa. In jikin ne ke lanƙwasa yana dawowa, ƙasar gindin kuma ko gezau, rabu da shi. In ka ga ƙasa na ɗagowa ko tana tsagewa, dunƙulen duka na motsi, to wannan yana son a riƙe shi. Hasarar wannan hanya ɗaya ce, wata rana bayan hadari za ka tarar ya karkace. Maganinsa ka fita da sassafe tun ƙasa na da danshi, ka miƙar da shi, ka taka gefen da diddige. Ribarta kuwa, ba ka kashe ko kwabo ba, kuma babu abin da za ka manta ba ka kwance ba.

A nan ne ma zaɓin yake farawa, tun wurin saye. Muna da son dogo. In aka jera dashe ashirin, hannu wurin mafi tsawo yake zuwa, alhali sau da yawa shi ne wanda ya daɗe a leda, ya yi ta miƙewa neman rana cikin cunkoso, saiwarsa kuma ta naɗe kanta a gindin ledar kamar gammo. Wani dattijo da ke renon dashe a lambunsa kusa da kogin Galma ya taɓa karɓe wani dogon lemo daga hannuna ya miƙo mini wani ɗan gajere. Na ce, «Baba, ai wancan ya fi girma.» Ya ce, «Ɗana, tsawo ya fi shi, ba girma ba.» In ka sayi gajere kakkaura, rabin maganar turke ta ƙare. In kuma dogon ne ya zo hannunka, cire ledar gaba ɗaya, ka warware saiwoyin da suka naɗe ko ka yanke su da wuƙa mai kaifi kafin ka sa a rami, don babu turken da zai gyara saiwar da ke zagaya kanta.

Sai turke ɗaya a tsaye, manne da jikin itace. Wannan shi ne abin da kowa ke yi, kuma shi ne ya fi ɓarna. Masu dashe suna sa ɗan siririn kara ne don kayansu su jeru tsaf kuma kada su karye a mota ko a bayan babur, aikinsa ya ƙare ranar da aka dasa. In ka maye gurbinsa da babban turke, da farko dai ta tsakiyar saiwa za ka buga shi. Sannan jikin itacen ba ya motsi ko kaɗan daga ƙasa har inda ɗaurin ƙarshe yake, don haka ba ya kauri, duk ƙarfin iska kuma yana taruwa ne a daidai bakin ɗaurin nan na sama, nan yake ɓallewa. Ga guga: ɓawo na gogar turke har ya sāle, ciwon ya zama ƙofar ƙwari da ruɓa. Akwai ma wani abin mamaki, gefen da turken ya yi wa inuwa yakan sa itacen ya riƙa karkata yana gudun turken, ranar da ka kwance sai ka ga ya sunkuya.

Ban ce ba shi da rana sam ba. Lemon da aka yi wa aure da ido, wato aka manna masa idon tohon wani lemo a jikinsa, sabon tohon da ke fitowa daga idon yana da taushi, iska ko tsuntsu na iya ɓalle shi daga mahaɗa. Wannan yana son ɗan siririn sanda mai kaurin yatsa, a soke a gefe a hankali, a ɗaura tohon da ƙyalle sako-sako na 'yan watanni har ya yi itace. Haka mangwaro mai aure da mahaɗarsa ba ta gama warkewa ba. Wannan jagora ne ake yi wa reshe, dabam yake da riƙe bishiya.

In turke ɗaya kawai gare ka, gara ka kafa shi a karkace. A buga shi a wajen dunƙulen saiwa, ya kwanto rabi tsakanin tsaye da kwance, kansa na kallon gabas inda hadari ke fitowa, ya gitta jikin itacen a ƙasa-ƙasa, a ɗaure a mahaɗar da roba a tsakaninsu. Bai taɓa saiwa ba, saman itacen na da 'yanci, kuma iskar gabas ƙara danna turken take yi cikin ƙasa maimakon ta tumɓuke shi. Yana da kyau a gangare da kuma dashe mai rassa tun daga ƙasa irin gwaiba. Rauninsa a wurinmu shi ne iskarmu ba alƙibla ɗaya gare ta ba. Ta tsakiyar damina daga ɗaya ɓangaren take zuwa, tana iya matsa itacen jikin turke, don haka in robar tsakani ta zame, guga ta dawo.

Turke biyu shi ne abin da nake yi wa duk dashen da ya kai ƙirji ko ya wuce, musamman a buɗaɗɗen wuri: gona a hanyar Shika ko Giwa, filin makaranta, sabuwar unguwa da ba a gama gine-gine ba, ko lungu tsakanin dogayen katangu biyu inda iska ke matsewa ta fito da ƙarfi. Ɗaya a arewa, ɗaya a kudu, itacen a tsakiya, yadda iskar gabas za ta wuce ta tsakaninsu, itacen ya sunkuya yamma ya dawo ba tare da ya bugi ko ɗaya ba. Ba sai an nemo na'ura ba, duk wanda ya san inda yake fuskanta in zai yi salla ya san inda zai kafa su, ɗaya a hagunsa ɗaya a damansa. Kowanne ya yi nisan kamu ɗaya daga jikin itacen, a wajen dunƙulen saiwa, ya shiga ƙasar da ba a tona ba da kimanin santimita 50 zuwa 60. Turken da ya tsaya cikin ƙasar da ka mayar rami kawai, tare za su faɗi da itacen a watan Agusta. Inda marmara ke kusa, kamar yadda take a wurare da yawa a kan tudu, fara huda wurin da rodi da guduma bayan an yi ruwa, sannan ka sa turken.

Tsawon da za a ɗaure shi ne inda aka fi kuskure. Riƙe jikin itacen daga ƙasa, ka riƙa zamar da hannunka sama a hankali har ka kai wurin da in ka riƙe, kan ya miƙe da kansa. Ƙara taƙi ɗaya a kai, nan ne wurin ɗauri. Galibi ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin tsawon itacen. Kowane turke da robarsa dabam, wuri ɗaya tak, kuma da sassauci yadda jikin zai iya motsa yatsa biyu ko uku kowane gefe. Abin da ya rage na turken sama da ɗaurin a yanke shi, in ba haka ba rassa za su riƙa dukansa. Wasu suna buga katako a gicciye tsakanin turakun biyu su ɗaure itacen a jikinsa. Yana da kyan gani, amma ni ban so, don an dawo wa turke ɗaya ta bayan gida: itacen ya sake samun abin gogawa. Kuɗin turke biyu ya ninka na ɗaya, aikin ma haka, shi ke nan aibinsa.

Igiya uku da ake ja zuwa ƙananan turaku a ƙasa ta manyan bishiyoyi ce da aka ciro da girmansu, masu mita 3 ko fiye, irin waɗanda ake kawowa gidajen mai da manyan gidaje don a ga inuwa nan take. Tana riƙewa sosai. Amma a gidan da ke da yara, ko bakin hanya da 'yan acaɓa ke bi da dare, tarko ce, akuya ma sai ta sarƙe. Wanda dole ta sa ya yi, ya ɗaura farin ƙyalle a kowace igiya. Mai dashen gida ba kasafai zai bukace ta ba.

To da me za a yi turken? Karan dawa ko na masara a cire shi daga lissafi, sati nawa ne ya ruɓe, kuma gayyatar gara ce har gindin dashe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai dasa itacen turare, wanda gara ke yi wa mummunar ɓarna yana ƙarami. Ɗanyen reshen ceɗiya, zogale, dashi ko bini-da-zugu kuwa, ka kafa shi da damina sai ya yi saiwa ya toho, ka wayi gari turken na rabon abinci da wanda aka kawo shi ya taimaka. Marke da ƙirya gara ba ta iya musu da sauƙi, amma sare su don a tallafi ɗan dashe na wata shida, garin neman gira ne a rasa ido. Saura uku ke nan na gaske: gora, sandar turare da rodi.

Gora ba nauyi, a miƙe take, ga araha. Tana tsagewa in an buga ta da guduma, don haka a yanke ta daidai saman gaɓa, a ɗora guntun katako a kai kafin a buga. Ba ta cika wuce damina ɗaya a ƙasa ba, kuma ni wannan nake so da ita: lokacin da ya kamata a cire ta, ita da kanta ta fara sallama. Sandar turare, irin wadda magina ke tokare dekin da ita, ta fi ƙarfi, ana samunta wurin 'yan katako ko a wurin ginin da aka gama, ita ta dace da dashe mai nauyin kai a fili. A ɓare ɓawonta, a fiƙe ƙarshen, a babbaka shi a wuta ya yi baƙi, yana ɗan jinkirta gara da ruɓa. Baƙin man inji da wasu ke shafawa kada ya kusanci inda saiwa za ta bi. Rodi kuwa siriri ne, yana ratsa ƙasa mai tauri ba tare da ya ɓata wuri ba, gara ba ta san da shi ba, kuma za ka yi ta amfani da shi shekara da shekaru. Amma a zafin Maris da Afrilu taɓa shi da rana ka ji, wannan zafin ne zai riƙa gasa ɓawo in ya matso kusa. Kansa yana tsone ido, sai an kifa masa robar ruwa. In a waje ne, 'yan gwangwan na iya riga ka cirewa, kuma ba a hankali za su cire ba. Babban aibinsa dai shi ne ba ya tuna maka da kansa. A cikin gida mai katanga, ga mai lura, rodi ya yi. A gona ko ƙofar gida, gora ko turare.

Abin ɗauri ya fi turken kansa muhimmanci, kuma nan ne mangwarona ya tafi. Ruwa ta cikin itace yake hawa daga saiwa zuwa ganye, abincin da ganye ya haɗa kuwa ta wani siririn layi da ke ƙarƙashin ɓawo yake sauka. In waya ta shaƙe ɓawo, ruwa na ci gaba da hawa, ganye shar, kai kana ganin lafiya lau, alhali abinci ya tsaya a saman wayar, shi ne kumburin nan, saiwa kuma tana can tana yunwa. Kafin ka ga alama a ganye an yi nisa. Don haka waya, siririyar igiyar roba da zaren buhu duk hukuncinsu ɗaya. Dabarar zura waya cikin guntun tiyo tana rage abin, ba ta kawar da shi, don nauyin duka a kan siririn layi ɗaya yake sauka.

Abin da ya fi duka a wurinmu kyauta ake samunsa ko kusa da haka: tsohon tub ɗin keke ko babur daga wurin mai faci. A yanka shi da faɗin yatsa biyu zuwa uku. Yana da faɗi, yana miƙewa in itace ya yi kauri, ba ya riƙe ruwa, rana kuma tana cinye shi a hankali har ya tsinke da kansa. A zagaya shi kamar lamba 8, ido ɗaya a itace, ɗaya a turke, ƙullin ko ƙusar a jikin turke. Bakin tsohon zani ma ya yi in an ninka shi da faɗi, sai dai yana riƙe danshi, tururuwa na son maƙalewa a ciki, a riƙa dubawa. Igiyar rama tana ruɓewa cikin damina ɗaya, wannan alheri ne, amma takan ƙara tsukewa in ta jiƙe, a ba ta sarari fiye da na roba.

Duk wannan bayani, in za a faɗi gaskiya, iska ba ita ce ta fi kashe dashe a Zariya ba. Akuya ce. Mutane da yawa da ke cewa za su kafa turke, shinge suke bukata, kuma abubuwa biyu ne mabambanta ko da yake ana haɗa su. A ƙauye da damina awaki na turke saboda shuka, da an kawar da amfanin gona a sake su, lokacin kuma babu wani kore a gari sai ganyen dashenka. A cikin gari ma ba a jiran kaka. Ƙayar magarya ko bagaruwa ita ce mafi araha, tana barin iska da haske su shiga, amma tana zubewa, sai an sabunta, kuma masu neman makamashi na ja. Bulo da ake jerawa a kewaye yana da ƙarfi, sai dai in an matse shi ba a bar ƙofofi ba, ciki ya zama tanda da rani, dashen ya yi ta zuƙewa sama neman haske ya fito siriri, da ya leƙo kuma iska ta riƙa goga shi a bakin bulo. Tsofaffin tayoyi haka suke, ga tara ruwan sauro. Ragar waya a kan sanduna uku ko huɗu ta fi tsada, amma ita ce ke ba itace duk abin da yake so: haske, iska, sarari. Tsawonta ya kai mita ɗaya da rabi, don akuya miƙewa take da ƙafafun baya, faɗin kuma yadda bakinta ba zai kai ganye ba in ta jingina. In dashen na bukatar riƙo, biyu daga cikin sandunan ragar, na arewa da na kudu, su zama turakunsa, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Wani abu da ke jawo bukatar turke ba gaira ba dalili shi ne saurin sassabe ƙananan rassan ƙasa don wai itacen ya yi tsawo. Waɗannan 'yan rassan su ke ciyar da gindi ya yi kauri, su ke yi wa ɓawo inuwa. In ka aske su ka bar tuntu a sama, ka haɗa wa iska abin kamawa a kan siririn wuya. A bar su shekara ɗaya ko biyu, in sun yi tsawo a rage bakinsu kawai.

Saura cirewa. Wanda ya dasa a ƙarshen Yuni ko Yuli ya tsallake mugunyar iskar Mayu, dashensa na da wata uku zuwa huɗu na ruwa ya kama ƙasa. Duk wata ka sa yatsa tsakanin roba da ɓawo, in bai shiga ba ka sassauta. Da hadarin ƙarshe ya wuce, wajen ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, kwance robar ka maimaita gwajin nan na turawa kana kallon ƙasa. In gindin bai motsa ba, an gama, iskar hunturu ta horar da shi kafin hadarin baɗi. Ni da lokacin sakin dabbobi nake haɗawa don kada in manta: ranar da aka kwance akuya daga turke, a kwance itace daga nasa, a ƙarfafa shinge. In har yanzu yana rawa, mayar da ɗaurin amma ƙasa da inda yake da, ka ƙara sassauci, ka bar shi ya wuce iskar Mayu, daga nan kuma a cire ko ta halin ƙaƙa. Itacen da ya shekara a turke bai tsaya ba, matsalarsa a ƙasa take. Tona gefe a hankali ka duba: ko an bar leda, ko saiwa ta naɗe, ko an binne shi ya wuce inda ƙasar ledarsa ta tsaya, ko ruwa na kwana a ramin. Wani lokaci sake dasa wani ya fi jiran wannan.

Wajen cire turken kada a yi ta girgiza shi hagu da dama, don zuwa lokacin saiwoyi sun kai wurin. A jiƙa ƙasa a zare shi sama a miƙe, in ya ƙi, gora ce ko turare, a yanke shi daidai ƙasa a bar sauran ya ruɓe. Ramin da ya bari a cika shi da ƙasa a taka.